Yadda zaka kalli kakar Seriya A ta 2009/10

Yan uwa na Nima a Accra, in kuna son ganin yadda Inter ta Mourinho ta ci kofin Seriya A, gasar kwallon Italiya, da Sulley Muntari namu a ciki, ku sayi data, ku dora ataya, ku bude YouTube. Ku fara da dabin Milan na Janairu 2010, wato wasan Inter da AC Milan, Inter ta ci 2-0 kuma da mutum tara ta karasa, golan Inter Julio Cesar har ya tare fenaretin Ronaldinho. Daga nan sai Roma da Sampdoria, wallahi kar ku tsallake shi, anan Pazzini na Sampdoria ya zuba biyu Roma ta sauka daga saman tebur. Sai kwallon Milito na Inter a Siena ranar karshe, Inter maki 82, Roma 80.