Yadda ake mayar da tsohon ƙyallen jirgin ruwa mai tafiya da iska ko tamfol ya zama rumfa mai naɗewa da kuɗi kaɗan

Duk mai shago a Katsina ya san halin iskar farkon damina. A watan Mayu da Yuni hadari kan taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa da ƙura, rumfar tamfol da aka ɗaure daram a kan katako ta cika ta kumbura, daga nan ko ta yage ko ta tumɓuke ƙusoshinta. Kuma ba za ka ce ka haƙura da rumfa ba, tunda a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, kaya su koɗe, mai saye ya kasa tsayawa a ƙofar shago.

Masu jiragen ruwan da iska ke turawa sun daɗe da warware irin wannan matsala. Ƙyallen gaban jirginsu a jikin wani dogon bututu yake, a gindin bututun akwai 'yar ganga da igiya ke naɗuwa a kanta. In an ja ƙyallen ya buɗe, igiyar ta naɗu a gangar. In iska ta yi ƙarfi aka ja igiyar, bututun ya juya ya naɗe ƙyallen. Tun 1907 aka yi wa irin wannan na'ura mai boris rajista a Ingila. Ta kanti tana da tsada ƙwarai, amma dabarar ba ta fi ƙarfin mai walda da mai ɗinkin rumfar Keke Napep ba. Bambancin kawai, su bututunsu a tsaye yake, namu za mu kwantar da shi a saman ƙofa.

Ka fara da zaɓen ƙyalle

Ƙyallen jirgin iska ba kayan Babbar Kasuwa ba ne, sai an yi sautunsa daga bakin teku, musamman Legas, inda ƙungiyar masu irin waɗannan jirage take tun 1932. Masu tsere kan ajiye ƙyalle da zarar ya saki jiki ya daina jan jirgi da sauri, alhali bai ruɓe ba. In kana da ɗan'uwa direban babbar mota, ka ce ya nemo maka na gaban jirgi, fari, saƙaƙƙe, wanda ake kira Dacron, wato foliyesta mai ƙarfi. Ka guji mai sheƙi da aka manna falle kan falle, domin zafi na ɓanɓare shi, ka kuma guji marar nauyin nan mai launuka na nailan.

In bai samu ba, tsohon tamfol ɗin tirela ko banar babban allon talla za su yi, duk da sun fi nauyi kuma ƙarƙashinsu ya fi zafi. Shuɗin tamfol na leda kuwa kada ka ɓata kuɗin ɗinki a kansa, rana na mayar da shi gari.

Kafin ka biya, ka gwada abu biyu. Ka kama gefen ƙyallen da hannu biyu ka yi kamar za ka yaga shi. In ya tafi ba wahala, rana ta riga ta cinye shi. Sannan ka kankari ɗinkin da farce. In zare ya tsinke amma ƙyallen na nan da ƙarfinsa, wannan ba aibu ba ne, dalilin neman ragi ne, domin sake bin ɗinki aiki ne mai araha. Ka wanke shi da sabulu da ruwa, ka shanya ya bushe sarai.

Awo da yanka

A nan ne ake yin asara, don haka ka natsu. Ƙyallen jirgi kusurwa uku gare shi. Bakin gabansa, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙugiyoyi kuma sau da yawa da waya ko igiya a ciki, yakan fi faɗin shago tsawo nesa ba kusa ba. Kusurwar da ke fuskantar wannan baki ita ce dukiyar ƙyallen: an ninka ta falle da yawa, an dasa mata zoben ƙarfe, ita ce aka gina don ɗaukar ja. Kada almakashi ya taɓa ta. Daga gare ta za ka fara awo.

Ka shimfiɗa ƙyallen a tsakar gida mai siminti. Ka auna faɗin da bututunka zai ɗauka, a ce mita 4, ka rage santimita 30 saboda ganga da boris. Ka nemo inda faɗin ƙyallen ya yi daidai da wannan awo in ka taso daga kusurwa mai zobe, ka ja zare mai alli ka buga layi miƙaƙƙe. Ka ƙara santimita 8 na kalmasa, sannan ka yanka. Ka yanka da wuƙar da aka gasa a wuta, a kan katako, domin zafin ya narkar da bakin zaren kada ya warware. Abin da ya rage kada ka zubar, da shi za ka yi faci da ninkin kusurwoyi.

Mai tamfol shi aikinsa ya fi sauƙi: ya yanka kusurwa huɗu daidai, ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya to bai karkace ba. In ya karkace, naɗin zai riƙa gudu gefe guda har ya hau kan ganga.

Ɗinkin baki

A jirgi, ana ɗinka wa bakin gaba wani ƙyalle mai siririyar igiya a ciki, a zura shi cikin kwarin bututun alminiyam. Mu za mu kwaikwayi igiyar, mu bar kwarin. Mai ɗinki ya kalmashe sabon bakin a kan igiya mai kaurin milimita 6, ya bi da ɗinki dab da igiyar, ya ƙara layi biyu a bayansa.

In akwai wurin da zan ce kada ka yi rowa, zare ne. Na auduga yana ruɓewa, na nailan yana miƙewa kuma rana na cin sa da wuri. Ka sayi zaren foliyesta mai kauri da kanka ka kai wa mai ɗinki, ka ce masa: "Maigida, da wannan za a yi, kuma a buɗe takun ɗinkin." Ɗinki mai ƙananan taku jera huda yake yi, ƙyallen ya yage ta nan. In kekensa na yin zigizag ya fi, domin yana miƙewa tare da ƙyalle. Kusurwoyi biyu na sabon bakin a ninka musu faci falle uku, kowane falle ya ɗara na samansa girma. Inda keke ya kasa hudawa, baduku zai gama da basilla.

Ga wani abu da mai tamfol ba ya fama da shi: ƙyallen jirgi ba shimfiɗaɗɗe ba ne, da ciki aka ɗinka shi don ya kama iska. In ka naɗe shi, gefuna sukan ɗaure, tsakiya ta yi jaka. Masu jirage suna ɗinka siririn soso a bayan bakin gaba, mai faɗi a tsakiya, mai tsukewa a ƙarshe, don tsakiyar naɗin ta fi kauri ta kwashe rarar. Guntun soson da masu kujerun mota ke zubarwa zai yi, a lulluɓe shi da ragowar ƙyallen.

Tamfol mai kusurwa huɗu yana buƙatar aljihu a bakin waje, wanda za a zura siririn faif a ciki, a ɗaura igiya a kowane ƙarshe.

Aikin mai walda

Ka nemi faif ɗin ruwa mai inci 2, ko na hannu ne, muddin bai lanƙwashe ba. Ka mirgina shi a ƙasa ka gani. Kada tsawonsa ya wuce mita 4, in ya wuce zai yi ciki a tsakiya, naɗi ya yi tauri. Shago mai faɗi gara a yi masa rumfa biyu.

A kowane ƙarshen faif a toshe da ƙarfe, a dasa guntun rodi mai kaurin milimita 20 a tsakiya cif. Boris mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, kuma masu kayan injin ban ruwa da na niƙa suna da shi. Ka zaɓi mai murfin roba ta fuska biyu, saboda ƙurar hunturu. A yi wa kowane boris gida a jikin angul. Ganga kuwa faranti biyu ne na ƙarfe, faɗin kowanne kamar santimita 16, a huda tsakiyarsu a zura a ƙarshen faif, a bar santimita 10 a tsakaninsu, a goge bakinsu kada su ci igiya. Faif mai farin shafi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa in ana walda, don haka a yi aikin a fili.

Lissafin igiya ba wuya. Kewayen faif mai inci 2 kusan santimita 19 ne, ke nan ƙyalle mai zurfin mita 3 zai ci juyi 15 ko 16. Igiyar ganga ta zama mita 3 ɗin nan, da ƙarin mita 1, da tsawon da za ta sauko hannunka.

Haɗa ƙyalle da faif

Ka buga layin alli a tsawon faif. Ka kwantar da bakin ƙyallen a kan layin, ka ɗora siririn fallen ƙarfe mai faɗin yatsa biyu dab da igiyar da ke cikin kalmasa, ka ɗaure da sukuru mai huda ƙarfe duk bayan santimita 20, kana farawa daga tsakiya kana jan ƙyallen zuwa gefe. Igiyar ce ke hana ƙyallen zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen, don haka nauyin ya bazu a tsawon bakin gaba ɗaya, bai taru a ramin sukuru ba. Ka rufe kawunan sukurun da tsinken tsohon tib na babur kada su huda naɗin farko.

Kafawa

Bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan ja. Ka kafa a jikin linta, ko ka huda bango noti ya fita ta baya a sa masa farantin ƙarfe. In ginin ƙasa ne, irin na tsofaffin unguwannin cikin birni, kada ka rataya masa komai, ka kafa ginshiƙai biyu na ƙarfe dab da bango. A sa ma'aunin magina a tabbatar faif ɗin ya kwanta daidai.

Ginshiƙin waje, wanda zai ja kusurwa mai zobe, a binne shi aƙalla santimita 60 cikin kankare, ya ɗan jingina baya ga shago. Wurinsa shi ne inda igiya za ta ja gefuna biyu na ƙyallen daidai. Ka riƙe da hannu ka matsa hagu da dama har ka ga babu gefen da ke kaɗawa, sannan a haƙa. Ya zama ƙasa da faif da santimita 25 a kowace mita, don ruwa ya gangara kada ya taru a cikin ƙyallen. Ka duba wayar lantarki a sama, kada kuma ka ci hanya ko ka toshe kwata.

Ƙyallen ya fito ta saman faif, igiyar ganga ta sauko ta ɓangaren bango, a miƙe, ba a karkace ba. Ka naɗe ƙyallen da hannu har igiyar zobe, wato wadda ka ɗaura a zoben kusurwa, ta zagaye shi sau 2, sannan ka ɗaure igiya a ganga ka bar mata juyi 3. Waɗannan juyi na ajiya ne: ranar da iska ta matse naɗin zai ci juyi fiye da kullum, in igiya ta ƙare ƙyalle zai rage a waje a daidai lokacin da ba ka so. A manna ƙarfe mai ƙaho biyu a bango da jikin ginshiƙi don ɗaure igiyoyi.

Kariyar rana

Masu jirage suna ɗinka ƙyallen akirilik, wani yadi mai jure rana kuma mai tsada, a gefunan da ke zama a waje bayan naɗi. Ni ban ga dalilin kashe wannan kuɗi a ƙofar shago ba. Fallen kwano mai faɗin santimita 40 a saman faif zai kare naɗin daga rana da ruwa da kashin tsuntsaye. In ba wurin kwano, ka naɗe rumfar, ka shafa alli a duk inda ke bayyane, ka warware, a ɗinka ragowar tamfol a kan wurin allin, ta fuskar sama.

Wajen buɗewa ka riƙe igiyar ganga kaɗan-kaɗan kada ta hau kan kanta ta cuɗe. Wajen naɗewa ka bar ɗan ja a igiyar zobe don naɗin ya matse. Ka koya wa yaron shago wannan tun ranar farko, ka kuma sa masa doka: da ganin gabas ta yi duhu a naɗe, haka kuma duk dare kafin a rufe. In an naɗe ta da jiƙa, a buɗe washegari ta sha iska kada ta yi funfuna. Kafin kowace damina ka sake kankarar ɗinkin da farce, ka duba inda igiya ke gogar ƙarfe, ka ƙara ɗaure notin bango.