Yadda na gyara tsohon soket ɗin ɗakin Hajiya

Gidanmu na Zariya tsohon gini ne, soket-soket ɗinsa duk masu zagayayyun ramuka uku ne, irin waɗanda Turawan Ingila suka bar mana. Dutsen gugan da na saya wa Hajiya kuwa filoginsa mai faffaɗan ƙafafu ne, na amfiya 13 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), sai muka riƙa haɗawa da adafta. Ba a yi sati biyu ba ƙaurin roba ya cika ɗakin, fuskar soket ɗin ta yi baƙi.

Na ɗora laifin a kan adafta, na canja, ƙauri bai daina ba. Da na kwance soket ɗin na ga an rubuta amfiya 5 a bayansa. Dutsen guga mai wat 2,000 a wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan amfiya 9, kaya ya fi ƙarfin jaki.

Kafin in taɓa komai na kashe babban makunni, na zare fis, na gwada da tasta, wato abin gwada ko akwai wuta, domin ko an ɗauke wuta ana iya dawo da ita kana tsaka da aiki. Wayoyin tsoffin launuka ne: ja mai wuta, baƙa ta dawowa, koriya ta ƙasa. Sun yi siriri, robar jar kuma tana farfashewa a hannu. Nan na tsaya, na kira mai gyaran wuta ya ja sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 daga allon fis, na ɗaura soket na amfiya 13.

Hajiya ta goge zannuwa shida a jere, na dafa soket ɗin, sanyi ƙalau.