Kurakuran da sababbin malamai ke yi wajen koyar da al'adun Aborijin a firamare

Na daɗe ina koyarwa a wata firamare da ke wajen birnin Perth, a yammacin Ostiraliya, kuma kusan kowace shekara sai na ga sabon malami ya faɗa ramin da ni ma na taɓa faɗawa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar Aborijin, wato 'yan asalin Ostiraliya, a matsayin ƙabila guda mai al'ada guda. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, harsunan da ake magana da su a ƙasar sun haura 250, kowace al'umma da ƙasarta da labarunta da dokokinta. Ni kuwa a shekarata ta farko sai na raba wa yara fenti da tsinken auduga suka cika bango da zanen ɗigo-ɗigo, sannan muka naɗe kwali muka yi kakakin da ake kira dijiridu, maza da mata kowa yana busawa. Ranar da wata dattijuwar Noongar (Aborijin na yankinmu) da muka gayyata ta shigo ajin, ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta tambaye ni a hankali ko labarin wa aka zana. Bakina ya mutu. Wannan salon zane ya fito ne daga Papunya, can tsakiyar hamada, a 1971, kuma alamominsa suna ɗauke da labaran da ke da masu su. Kakakin kuma na mutanen arewa ne, musamman yankin Arnhem, kuma al'ummomi da yawa ba sa son mace ta busa shi. Ba ta yi faɗa ba, amma sai da aka shekara kafin ta sake taka makarantar. Tun daga nan nake fara zango da sunan masu ƙasar da ajinmu ke kai, wato Whadjuk Noongar, kuma ba na sa yara kwaikwayon abin da ba a ba mu izini ba.

Fita waje ma tana da nata rami. Malami ya kwashi yara zuwa daji, ya bar su suna tsinkar fure suna cika aljihu da duwatsu, ya dawo yana cewa an yi darasi. Wannan sakaci ne tsagwaronsa! Itacen moodjar, mai furen ruwan lemo da ke buɗewa gab da ƙarshen shekara, Noongar suna girmama shi a matsayin wurin hutun ruhin mamata, ba a karya reshensa. Abin da nake yi shi ne mu zaɓi itace ɗaya mu riƙa ziyartarsa duk mako biyu, yara suna rubuta abin da ya sauya, muna bin lokuta shida na Noongar: Birak, Bunuru, Djeran, Makuru, Djilba da Kambarang. Wanda ya tashi da bazara da damina da kaka da hunturu ba zai yi mamakin cewa lokuta huɗu na littafin Turawa ba su dace da kowace ƙasa ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. A daina cewa "da can suna farauta", kamar mutanen sun ƙare. Kada a tara komai a makon NAIDOC na watan Yuli, makon bikin tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, a manta da shi sauran shekara. Maraba da baƙi zuwa ƙasa haƙƙin dattijon yankin ne, malami dai yana iya furta girmamawa ga masu ƙasa. A biya dattijo ladan lokacinsa, kuma a yi gargaɗi kafin nuna hoton wanda ya rasu.

Kada kuma a tsayar da yaron Aborijin gaban aji ya yi bayanin mutanensa. Sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara kan yaran da hukuma ta raba da iyayensu, kuma mai yiwuwa kakar wannan yaron tana cikinsu, ba ta samu damar koyon harshen da kake tambayarsa ba.