Masu zuwa Abuja ta jirgin ƙasa, ku sauka a Kubwa

'Yan uwa, in kun taso daga tashar Rigasa ta Kaduna kuma masaukinku Gwarinpa ne, ko Dutsen Alhaji, Bwari, Dei-Dei, Zuba ko Suleja, kada ku bi jirgi har Idu, tashar ƙarshe. Ku sauka a tashar Kubwa.

Jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu. Wanda ya wuce, sai ya ɗauki shatar mota ta dawo da shi baya, ga kuɗi ga ɓata lokaci. Ita Idu a gefen gari take, kusa da unguwar masana'antu, shi ya sa 'yan tasi suke tsuga kuɗi. Daga Kubwa kuwa, Keke Napep zai fitar da ku babban titi, can motocin haya ba sa yankewa.

Sai dai tsayuwar ba ta da tsawo. Ku haɗa kayanku tun da wuri, musamman masu yara da tsofaffi.

Dabarar ba ta yi wa mai zuwa filin jirgin sama ko Lugbe amfani, Idu ta fi masa kusa. Haka ranar Litinin da sassafe, cunkoson titin Kubwa zai iya cinye lokacin da kuka rage.