Yadda na gyara ƙ da ɗ da suka koma alamar tambaya a MySQL

Kwana biyu na yi ina fama da wannan. Duk kalmar da ke da harafi mai lanƙwasa, idan na kira ta daga rumbun bayanai na MySQL sai ta fito a gurguje: Ƙanƙara ta koma ?an?ara.

Da farko burauza na ɗora wa laifi, na ɓata rabin yini ina tone-tone a HTML. Ashe ba can gizo ke saƙa ba. Sabar tana kan MySQL 5.7, wanda idan ba ka zaɓa masa tsarin haruffa ba, latin1 yake ba tebur, ita kuwa latin1 ba ta san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Kuma an kashe strict mode, wato yanayin da ke sa MySQL ya ƙi karɓar bayanin da bai dace ba, shi ya sa yake haɗiye kuskuren shiru.

Na kwafi rumbun na ajiye, sannan na buga wannan umarni don mayar da teburin zuwa utf8mb4, tsarin haruffan da ya san waɗannan haruffa:

ALTER TABLE garuruwa CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4;

Shafin rahoto ya ci gaba da taurin kai, domin da latin1 yake haɗuwa da rumbun. Na ƙara masa $db->set_charset('utf8mb4') ya daidaita.

Tsofaffin layukan kuwa sun riga sun lalace. Da hannu na sake shigar da su.