Darasi na 7: Ire-iren Tirela da Lissafin Ladan Direba

Duk wanda ya taɓa kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ya saurari hirar direbobin manyan motoci, zai lura cewa zancensu yakan koma kan abu biyu: irin bodin da mutum yake ja, da abin da ya rage a aljihunsa bayan an sauke kaya.

Tirela kashi biyu ce, wato kai, inda inji da direba suke, da kuma bodi, wanda ake iya kwancewa a maƙala wani. Tanka ta mai ce, bodi mai bango kuwa shi ake yi wa lodin hatsi da taki da shanu. Abin da ya fi shafar darasinmu shi ne shimfiɗaɗɗen bodi marar bango da rufi, wanda yake ɗaukar rodi da siminti da kwantena mai tsawon ƙafa 20 ko ƙafa 40 daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano. Akwai kuma lobed, wadda tsakiyarta take kusa da ƙasa domin katafila ko babbar taransifoma ta wuce ƙarƙashin gada da wayoyin lantarki, kuma aka yawaita mata tayoyi domin nauyi ya rarrabu.

Tun da shimfiɗaɗɗen bodi ba shi da bango, babu abin da yake riƙe kaya sai ɗaurin da direba da yaronsa suka yi. Su ne za su ja sarƙa, su rufa tamfol idan siminti ne, su kuma tsaya a hanya su sake ɗamewa, domin ɗauri yana sassautawa da girgizar ramuka. Kwantena tana da ramuka a kusurwoyinta inda makullan bodi suke shiga, kuma barin su a buɗe ganganci ne. A watan Janairun 2023 wata kwantena ta faɗo kan ƙaramar bas a gadar Ojuelegba da ke Legas, mutum 9 suka rasu. Wannan wahala da wannan haɗari su ne hujjar direban irin wannan bodi idan ya nemi ƙarin lada.

Biyan direba iri-iri ne. Wani maigida yana ba da albashin wata tare da kuɗin hanya, wani yana biya a kan kowace tafiya, wani kuma yana yanka wa direba kaso daga kuɗin dako. A nan ne da yawa suke ruɗuwa, saboda suna duban yawan kuɗin, su manta da yawan kwanakin. Mu ɗauki misali kawai domin koyon lissafi. An ba Direba na ɗaya Naira 120,000 a kan tafiyar da ta ci kwana 6, ke nan kowace rana ya sami 20,000. An ba na biyu, mai jan lobed, Naira 180,000, amma jiran lodi da tafiya a hankali da dawowa babu kaya suka cinye kwana 12, sai ranarsa ta tsaya a 15,000. Wanda ake ganin ya fi samu, ashe shi ne a ƙasa.

Saboda haka, kafin ka karɓi makulli, ka tambayi mai mota wa zai biya kwanakin jira, da kuɗin abincin yaron mota, da facin taya, da tara idan sikeli ya nuna lodi ya wuce ƙa'ida, sannan a rubuta amsoshin a takarda kowa ya sa hannu.

Aikin gida: an yi maka tayin Naira 150,000 a kan tafiyar kwana 10, kuma abincinka da na yaronka, Naira 4,000 kullum, daga ciki zai fita. Rubuta abin da zai rage maka a kowace rana, ka zo da shi aji na gaba.