Yadda ake yi wa mangwaro da gwaba aski da kayan batir

Tun da ƙananan zartuna masu batir suka shigo kasuwa na ga mutane da dama sun lalata bishiyar da suka shekara goma suna raino a yini guda. Da can da adda sai ka yi gumi kafin reshe ɗaya ya faɗi, kuma gumin nan ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Yanzu kunama kawai za ka danna, sai ka ga hannu ya ƙi tsayawa.

Kayan iri biyu ne. Akwai almakashin batir, wanda yawanci ba ya wuce reshe mai kaurin milimita 25 zuwa 30, wato ɗan fin babban yatsa kaɗan. Akwai kuma ƙaramin zarto mai sarƙa, inci 4 ko inci 6. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi zarton, kuma ka nemi mai batir biyu, domin da wutarmu ba za ka so aiki ya tsaya rabi ba. Ƙananan rassa almakashin hannu ya ishe su.

Mangwaro ana yi masa aski da zarar an gama tsinke 'ya'yansa, wajen Mayu ko Yuni. Kada ka taɓa shi da hunturu yana fure. Ka kuma zaɓi ranar da babu hadari.

Kafin ka sa batir, duba sarƙa: ka ɗaga ta da yatsa, ta ɗan tashi ta koma, ba ta yi lako-lako ba. Ɗiga mata mai. Ni ban yarda da baƙin man mota da aka juye ba, yana ɓata yankan. Sai ka zagaya bishiyar sau biyu, ka sa wa rassan da za ka cire alama da alli: busassu, masu kauci, masu gogar juna, da ɗaya ko biyu na tsakiya da suka hana rana shiga. Abin da ba ka sa wa alama ba, ka bar shi. Kada jimillar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiyar a shekara.

To, ga inda na yi ɓarna. Mangwaro ne ɗan aure a tsakar gidanmu, wani reshe mai kaurin damtse ya kwanta kan katanga. Na ɗora zarto daga sama, dab da jikin bishiyar. Ban kai ƙarshe ba nauyi ya rinjaye shi, ya karye, ya ɗaye ɓawo ya yi ƙasa da shi kusan kamu biyu. Farin itace ya fito fili yana tsatsar ruwa. Wurin bai rufe ba har yau, kuma ta nan ruɓa ta shiga.

Babban reshe sau uku ake yankansa. Ka auna kamar taki ɗaya daga jikin bishiyar, ka yanka daga ƙasa zuwa sama, kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ka tsaya. Kada ka zarce, reshen zai matse zarton. Sai ka ƙara gaba da faɗin yatsu uku, ka yanka daga sama har ya faɗi. Idan ɓawon ya fara ɗayewa, a yankan farko zai tsaya. Saura guntun kututture marar nauyi. Duba gindinsa da kyau, za ka ga wani ɗan kumburi kamar zobe inda ya haɗu da uwar. A bakin zoben nan ta waje za ka yi yanka na uku. Wanda ya shafe zoben wai don wurin ya yi sumul ya cire naman da zai warkar da ciwon, wanda kuma ya bar dogon kututture ya bar wa ƙwari ƙofa. Kada ka danna zarton, bar shi ya ci da kansa.

Almakashin kuma bai san bambancin reshe da yatsa ba. Hannun hagu ya yi nesa da bakinsa, ni a bayana nake ajiye shi. Kada ka hau tsani da zarto yana aiki, kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, reshen da ke kusa da wayar lantarki kuma ba naka ba ne. Sa tabarau da riga mai dogon hannu, ruwan mangwaro yana ƙona fata.

Gwaba a sabon toho take 'ya'ya, don haka datse kan rassanta ba laifi. Lemu ba ya son aski da yawa, cire busassu da tohon da ya fito ƙasa da wurin aure ya wadatar. Goge bakin zarto da na almakashi da sifirit kafin ka koma wata bishiyar. Idan ka gama, zare batir, ka bar shi ya huce a inuwa kafin ka sa shi caji.